Takardar da muke ajiye wa ɗan sanda

Mu dai a unguwar nan, in mota ta buge mutum, kafin a kai shi asibiti an gama shari'a a bakin titi. Dattijo ya ce ƙaddara ce, direba ya durƙusa yana rantsuwa birki ne ya ƙi, wani ya leƙo ya ce, "Ai yaron Alhaji ne, a yi haƙuri." Sai babban wan wanda aka buge ya gyara murya: "Mun yafe, Allah ya kiyaye gaba." Mai karyayyar ƙafar kuwa ko tambayarsa ba a yi ba. Direba ya zo dubiya da lemo da ayaba, ya sayi maganin rana ɗaya, daga nan waya ta daina shiga. Shi kuma bawan Allah wata uku yana gidan mai ɗori, iyali na cin bashi.

Alhali a cikin motar nan akwai takardar da aka yi domin shi. Inshorar dole ta masu abin hawa ba sabuwa ba ce, tun 1945 dokarta take, tun Turawa na nan. Mu ne muka mai da ita takardar ɗan sanda: a miƙa a shinge, a karɓa, a mayar aljihun mota. Wasu ma a gindin bishiya suke yankarta wurin 'yan ka-yi-na-yi, mai kamfanin da ke kan takardar bai san an haife su ba.

Da hukumar inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗin daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, ba irin tsinuwar da ba a yi a majalisar mai shayi ba. Amma ba wanda ya ambaci cewa diyyar ɓarnar dukiya ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3, rauni da rasa rai kuma lissafinsu daban ne. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara kame a kanta, a Agusta Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora. Mu abin da ya shiga kunnenmu kamen ne kawai.

In ka ce a nemi diyyar, sai a ce, "Haba Malam, kuɗin jini za ka ci?" To ai diyya Musulunci ne ya shar'anta ta, har ta gaɓoɓi. Mai ƙyamar inshorar boko kuma ga takaful nan, inshorar Musulunci. Yafiya alheri ce, amma ta mai ƙafa ce, ba ta wansa ba. Kuma wa ake yafe wa? Kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗinsa.

Don Allah, in tsautsayi ya faɗa, a ɗauki lambar mota da hoton takardar, a karɓi rahoton 'yan sanda, a adana rasit ɗin asibiti. In mai rauni ya farfaɗo, a tambaye shi.