Gwajin Babur a Dutse

A Amurka mai son Harley-Davidson yakan hau ya ji yadda kujera ta karɓe shi, ya karya kwana, ya saurari gurnanin inji. A Dutse tambayar daban ce. Mai saye zai danna kujerar Boxer da tafin hannu ya ce wa dillali, "Alhaji, buhun gero nawa yake ɗauka?" Biyu. "Har da uwargida da yara?" Daga nan sai hanyar Shuwarin ranar kasuwa, a bar kwalta a faɗa yashi. Harley mai nauyin kilo 300 in ya kafe a rairayi, sai an kira ƙarti, kowannensu kuma yana jiran na goro.