Fasinjojin Kwale-kwalen Baga

Masu kuɗin duniya suna da wata tafiya da suke ji da ita. Sukan tashi takanas zuwa tsibiran Galafagos na ƙasar Ekwado, kusan kilomita 1,000 daga gaɓar Kudancin Amurka, tsibiran da aman wutar dutse ya haifa a tsakiyar teku. Can za su shiga ƙaramin jirgin ruwa mai ɗaukar mutum 16, su kwana su tashi a cikinsa suna kallon manyan kunkuru da ƙadangarun da ke iyo a ruwan gishiri. Kuɗin shiga kawai, tun daga Agustan 2024, dala 200 ne. Mu a Borno Allah ya raba mana abin gida biyu. Duwatsun aman wutar suna kudu, wajen Biu, inda tafkin Tila yake kwance a bakin tsohon dutse da labarin kadojinsa. Tsibirai da dorina kuwa suna arewa, a Tafkin Chadi.

Kafin fitina ta toshe hanya, mutum kan hau mota a Tashar Baga ta Maiduguri da sassafe, ya bi ta Monguno da Kuros Kauwa, kusan kilomita 200, ya sauka Doron Baga ya shiga kwale-kwale. Jirgin haya ne, ga buhunan masara, ga jarkokin fetur, ga akuya a ɗaure. Ana ganin namun ruwa a hanya, amma halittar da ta fi ba da kallo ita ce wadda kuke zaune da ita kan katako ɗaya.

Wanda za ka fara gani shi ne Alhaji, don shi ma so yake a fara ganinsa. Ya zo ruwa da babbar riga mai aiki da hula zanna bukar, da turare wanda ya danne ƙarnin kifi na ɗan lokaci. Gaban jirgi yake so, ko da matuƙi ya ce nauyinsa ya fi amfani a tsakiya. Ba kasuwanci ya kawo shi ba, an ba shi labarin dorina ne, kuma tunda ya biya kuɗi, a ganinsa dorina ta ci bashinsa. Ba a yi nisa ba zai fara: "Yaro, ina dorinar?" Matuƙi ya ce, "Tana gaba, Alhaji." In an hango wasu ƙananan kunnuwa biyu can nesa suna motsi a kan ruwa, sai ya miƙe tsaye, jirgi ya karkata, mata su yi salati. "Matsa kusa mana! Ni kunne na zo gani?" Matuƙi, wanda ya san dorina na iya nitsewa na kusan minti biyar ta ɓullo inda ba a zata ba, kuma ya san uwa mai ɗa ba ta da wasa, zai ɗan matsa don girman rigar. Sai kan ya fito gaba ɗaya, kamar tukunyar biki a kife, ta buɗe baki ta yi hamma. Daga nan muryar Alhaji takan sauya. "To, alhamdu lillahi, mun gani. Juya. Na ce ka juya, Malam!" Yaro ya zama Malam cikin ƙiftawar ido. Da yamma kuwa, a majalisa, za ka ji cewa shi ne ya kwantar wa kowa hankali.

A bayansa akwai wanda tun daga gaɓa bai saki gefen jirgi ba. Ya karanta addu'ar hawa abin hawa, ya ƙara da duk abin da ya haddace tun makarantar allo, kuma duk wanda ya yi tari sai ya harare shi. Tambayarsa ɗaya ce: "Nan zurfinsa ya kai nawa?" Ba wanda ke da zuciyar gaya masa cewa Tafkin Chadi faɗi gare shi ba zurfi ba, a wurare da yawa in ya faɗa iyakarsa ƙirji. Ya ga yaron jirgi yana tura gora tana taɓa ƙasa, amma ya ɗauka gorar ce mai tsawo.

Sai masani. Wannan yawanci daga Jami'ar Maiduguri yake, ko dai ya taɓa wucewa ta ƙofarta. Ba ya jira a tambaye shi. Zai gaya maka cewa a 1963 tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, fari na shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. Zai ce a 1964 Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da tafkin. In ya ga ba ka gudu ba, don ba wurin gudu, sai ya kawo maka Bajamushe Adolf Overweg, wanda aka ɗauko wa jirgi gunduwa-gunduwa a kan raƙuma daga Tarabulus, ya harhaɗa shi a 1851 zamanin Shehu Umar na Kukawa, ya zaga tsibiran Buduma, ya mutu a Maduwari a shekarar da ta biyo baya. Zai ƙara da cewa a 1969 wani ɗan Norway, Thor Heyerdahl, ya ɗauki maƙeran jirgin ciyawa daga wannan tafki ya kai su Masar suka ɗaura masa jirgin da ya shiga Tekun Atalantika da shi. Abin da ba ya faɗa shi ne jirgin bai kai gaci ba, sai na biyu da mutanen wani tafkin a Kudancin Amurka suka ɗaura. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma ni ina ganin jirgin da babu irinsa ya yi asara. Matsalarsa ɗaya: yana tsakiyar shekarar 1851 garken shanun Kuri, farare masu kumburarrun ƙaho, suka ratsa ruwa da iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan, hanci kawai da ƙaho a sama, kowa ya gani ban da shi, don ya juya baya yana fuskantar ɗalibansa na dole.

Dillalin kifi ba ya kallon komai sai ya sa masa farashi. Giwan ruwa, kaza. Tarwaɗa in an yi banda an cika kwali an kai Onica, kaza. Bargi da karfasa, ya san ribar kowanne. In kwasakwasa ta sauko ta kwashi kifi a jakar bakinta, kowa na cewa "ikon Allah", shi kuwa tsaki yake yi, don a wurinsa abokiyar hamayya ce da ba ta biyan haraji.

Mai waya ba sai an daɗe a kansa ba. Ya ɗauki hoto ɗari, a cikin kowanne fuskarsa ta rufe abin da aka zo gani.

A da can akan samu Bature jefi-jefi, da madubin hangen nesa a wuya da littafin tsuntsaye a cinya, fatarsa ta yi ja, sauro ya yi masa rajista. Wataƙila ya je Galafagos ɗin, inda doka ta ce kada ka matsa wa dabba kusa da mita biyu, don haka yana magana ƙasa-ƙasa yana so kowa ya yi shiru, a jirgin da injin Yamaha ke ruri akuya na kuka. A nuna masa gauraka da kambinta, ya gyaɗa kai kawai. Amma ya ga wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa yana tsattsaga laka, sai jikinsa ya hau rawa yana rubutu. In ka bincika, tsuntsun daga Turai ya zo cin rani. Mutum ya ƙetare Sahara don ya gaisa da ɗan garinsu.

Wanda na fi so shi ne dattijon da ya san tafkin tun yana tafki. Komai aka nuna masa sai ya ce, "Wannan ai ba komai ba ne, ɗana." An ga kada? Na da sun fi jirgin nan tsawo. An ga ruwa iya ganin ido? Nan da kuke gani gona ce, ruwan gaske ya tafi. Samari kan yi masa dariya a ɓoye, amma a batun ruwa da gaskiyarsa: Baga a bakin ruwa take a da, ruwan ya janye ya bar ta a tudu, mutane suka bi shi suna shuka masara da wake a inda iyayensu suka jefa taru. A batun kada ne kawai nake rage masa kamu biyu.

Duk wannan taro yana hannun matuƙi, ko Buduma ne ɗan tsibiri ko Bahaushen da kakansa ya biyo kifi daga Kabi. Yana gane hanya a cikin ciyawar da kai duk iri ɗaya kake gani, ya san tsibirin da ke tsaye da wanda iska ke turawa. Amsarsa ga kowace tambaya "mun kusa". Inji ya mutu, mun kusa. Rana ta faɗi, yaro na kwarfe ruwa da yankakkiyar jarka, mun kusa.

Bayan kashe-kashen da aka yi a Baga a 2013 da Janairun 2015, da yawa daga mutanen nan sun dawo Maiduguri, wasu a sansanin gudun hijira, wasu a rumfunan kasuwar kifi, tafiyar nishaɗi kuwa ta zama labari. Sai ga 10 ga Satumban 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci gari, kwale-kwale ya yi yawo a Gwange da Kasuwar Monday yana kwashe mutane daga rufin gidaje. Musiba ce da ta ci rayuka da dukiya. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya yi asarar mafi yawan dabbobinsa, hukuma kuma ta yi gargaɗin cewa kadoji da macizai sun fita. A wancan makon ne aka haifi sabon nau'i: mutumin da ya ga kada. Kowace unguwa tana da nata. Ya gan shi da idonsa, a bakin masallaci, ko dai ƙanin matarsa ne ya gani, ko maƙwabcin ƙanin. Da aka matsa wa na unguwarmu da tambaya, ya ce shi dai ya ga abu baƙi dogo yana tafe a kan ruwa, kuma bai ga dalilin tsayawa ya tantance ko tayar Keke Napep ce ba.