Bazazzagi Ya Sayi Zoben Sauron

Bawana Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida ga baransa. Labari ya iso mana Kano cewa ka bar tara littattafai ka koma tara zobba da sarƙoƙi, kuma ba na uwargida ba, na mutanen da ba a taɓa haifa ba. An ce ka sa kafinta ya yi maka akwatin gilashi a falo, ka jera kayan adon finafinan The Lord of the Rings a ciki, duk baƙon da ya shigo sai ya sha lacca kafin ya sha ruwa. Har kana bugun ƙirji wai naka ba irin na 'yan tebur ba ne, kowanne sak yake da na asali. To zauna, yau Bakano zai koya wa mutumin garin ilimi karatu, kuma kyauta, abin da ba mu saba ba.

Mu fara da uban tafiyar, zoben da Sauron ya ƙera a cikin dutse mai aman wuta na Mordor don ya mallake sauran zobba 19: uku na jinsin Elf, bakwai na wadanni, tara na sarakunan mutane. Na ga hoton naka da ka aiko wa dangi. Ga rubutu nan an sassaƙa ya zagaye shi ciki da waje, yana ƙyalli, kana nuna shi da ɗan yatsa. Wannan rubutun da kake taƙama da shi shi ne ya tona maka asiri. A littafin da aka ɗauko finafinan daga cikinsa, wanda marubuci Tolkien ya fitar a 1954 da 1955, zoben sumul yake, ba zane ba dutse. Sai da tsoho Gandalf ya jefa shi cikin wutar murhun Frodo, mai riƙe da zoben, sannan haruffan suka bayyana, harshen Mordor da baƙaƙen Elf, daga baya kuma suka dushe. Ya fito daga wutar ma ko zafi bai yi ba. Saboda haka gwajin mai sauƙi ne. Ka sa a hura gawayi a kurfoti, ka jefa naka, mu ga ko zai fito da sanyinsa ko kuwa ruwan gwal ɗin zai kwaɓe ya bar ka da baƙin ƙarfe. Ni zan biya kuɗin gawayin.

Za ka ce ai na fim kake kwaikwaya ba na littafi ba. Wanne daga ciki? Maƙerin da daraktan fim ɗin, Peter Jackson, ya ba aikin, Jens Hansen, haifaffen Denmak mai shago a garin Nelson na ƙasar Niyu Zilan, zobba wajen 40 shagonsa ya ƙera wa fim ɗin. Akwai daidai yatsan wannan ɗan wasa, akwai daidai na wancan, akwai ƙato wanda ya fi tafin hannu faɗi, da shi ake ɗaukar hoton kusa don ya cika allo. Wutar haruffan da ka gani tana ci kuwa aikin kwamfuta ce. Bawan Allah ya rasu a 1999, bai ga ko fim na farko ba, wanda ya fito a 2001. Mai abu ya yi arba'in ya tafi, ga Bazazzagi a Tudun Wada yana rantsuwa nasa ne na gaskiya.

Ga wata kuma da ta fi ƙarfina. Zoben da aka nuna a fim zinare ne. Kai kuwa malami ɗan malamai, ka fi kowa sanin hukuncin namiji ya sa zinare. In naka gwal ne na gaske, ba damar ka sa shi. In kana sa shi hankali kwance, to ƙarfe ne aka shafa wa ruwa, maganar sak ta faɗi. Zaɓi ɗaya. Da ka yi shawara da ni, da na kai ka wajen maƙeran fari a Kurmi sun buga maka na azurfa, su auna a gabanka, ka san abin da ka biya. Mu Kanawa sikeli muke tambaya kafin tarihi.

Sarƙar nan mai farin dutse da ka ce Arwen ta ba Aragorn, wadda ka rataya a tsakiyar akwatin, kyakkyawa ce, ban musa ba. Amma Jasmine Watson ce ta zana ta don fim. A littafi, farin dutsen da ke wuyan Arwen Frodo ta ba, bayan an gama yaƙi, don ya rage masa raɗaɗin abin da ya gani. Zoben Barahir kuma, mai macizai biyu da idanun koren dutse, wanda ka ce shi ne shaidar sarautar Aragorn yana yawo da shi a yatsa, tuni ya ba Arwen shi tun lokacin baikonsu, shekaru da dama kafin tafiyar su Frodo. Wato a littafi saurayi ne ya yi kyauta, a fim budurwa. Na gane dalilin da ya sa Bazazzagi ya zaɓi na fim.

Abu ɗaya na yaba, kuma kada ka saba da jin haka daga bakina. Maƙalin mayafin nan mai siffar koren ganye da jijiyoyin azurfa, wanda aka ba Frodo da abokan tafiyarsa a dajin Galadriel, nan fim da littafi ba su yi faɗa ba. Shi ne kuma ya yi aiki na zahiri a labarin: da aka sace ɗayansu, Pippin, ya yar da nasa a hanya da gangan don masu bin sawu su san yana raye, Aragorn ya tsince shi. Ɗan ƙaramin abu, mafi arha a akwatinka, ya fi sauran amfani. Ka riƙa maƙala shi a babbar riga ranar kasuwa, in ka ɓace a Kwari sai ka yar, mu bi sawunka.

Amma na san abin da ya kai ka ga babban zoben, ba son tarihi ba ne. Ka ji an ce wanda ya sa shi yakan ɓace wa idon mutane, sai ka ɗauka layar zana ce ta Turawa. Watan cika-ciki ya wuce, kuɗin shara shiru, sai ga mutum ya yi odar zoben ɓacewa daga ƙetare. Bai yi aiki ba, an gan ka ranar Juma'a kana shan fate. Kuma ko na ainihin ba ya ɓoye mutum daga mai shi, ƙara haska shi ma yake yi. Ni ne mai kai, ina ganinka.

Sai dai wani abu ya fara ba ni tsoro. An ce yanzu ba ka yarda yara su taɓa akwatin, kana goge zoben da gefen riga, kana yi masa magana in ka zaci ba kowa. Haka Gollum ya fara. Sméagol ake ce masa lokacin yana da gashi da mutunci, ranar da ɗan'uwansa Déagol ya tsinto zoben a ƙasan kogi suna kamun kifi, ya ce a ba shi, aka hana, ya shaƙe shi nan take. Ya yi kusan shekara 500 a kogo yana cin ɗanyen kifi. Don haka gayyatar da ka aiko ta mu je bakin kogin Galma da fatsa in na zo hutu, na gode, ba zan samu zuwa ba. Ka turo kuɗin sharan ta banki.