Dodo Mai Gajeren Wando: Nazari a Kan Abin da Ke Firgita Yaran Birnin Gwari

Ƙagaggen labarin kimiyya, wato nau'in fim ko wasan talabijin da ake ginawa a kan abin da ilimin zamani zai iya haifarwa idan ya kuɓuce daga hannun masu shi, ya daɗe yana fito da halittu masu ban tsoro, amma babu wanda ya kai dodon da ya zo da siffar yaro hana ƙananan 'yan kallo barci. Lamarin ya cancanci nazari na musamman a Birnin Gwari, domin gari ne da ba ya fama da ƙarancin abin tsoro, amma duk da haka ana samun yaron da ya fara jin labarin ɓarayin daji tun yana goye, ya ƙi fita fitsari da dare saboda wani ɗan Bature mai shekara shida da ya gani a wayar yayansa.

Wannan dodo yana da tarihi a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi. A shekarar 1957 marubucin Ingila John Wyndham ya fitar da littafin The Midwich Cuckoos, wanda aka mayar fim a 1960 da sunan Village of the Damned, inda wasu yara masu farin gashi da idanu masu ƙyalli suke juya tunanin manyan ƙauyensu yadda suka ga dama. A 1961 shirin The Twilight Zone na Amurka ya nuna wani yaro mai suna Anthony, wanda yake ɓatar da duk wanda ya ɓata masa rai, har ya zama dole mutanen gari su riƙa murmushi suna yaba duk ɓarnar da ya yi. Bahaushen da ya ga wannan shiri ba zai kira shi kimiyya ba, domin Anthony sangartaccen ɗan auta ne kawai, irin wanda kowace unguwa take da aƙalla guda ɗaya. A 2005 kuma shirin Doctor Who, wanda BBC ta fara nunawa a 1963, ya kawo yaro sanye da takunkumin kariya daga iska mai guba yana yawo a Landan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana neman uwarsa, kuma duk wanda ya taɓa sai ya koma irinsa.

Jikokin waɗannan halittu ne suke isowa Birnin Gwari, kuma ba sa buƙatar tauraron ɗan Adam, domin suna shigowa ta hannun masu tura fina-finai a waya, waɗanda suke cika wa mutum memori da na Indiya mai fassarar Hausa da na Kudu da na Amurka a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Lokacin da gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan sadarwa a wannan yanki a ƙarshen Satumban 2021 saboda matsalar tsaro, wasu iyaye sun ɗauka cewa waya za ta huta, sai ta bayyana cewa dodon da ya riga ya shiga memori ba ruwansa da sabis, abin da yake nema kawai shi ne naira kaɗan na mai caji. Tsarin kallon kuwa sananne ne: yara biyar ko shida a kan tabarma ɗaya, wayar mai fasasshen gilashi a jingine da buta, babban cikinsu yana riƙe da ikon tsayarwa da ci gaba, ƙaraminsu kuma ya rufe fuska da tafin hannu amma ya bar ƙofa tsakanin yatsu biyu don kada wani abu ya wuce shi.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi bayanin dalilin wannan firgici. Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin, wadda ta shafe shekaru tana nazarin abin da ke tsorata yara a talabijin, ta nuna cewa ƙananan yara sun fi jin tsoron siffa da rikiɗa, wato sauyawar halitta daga kama zuwa wata kama, har suna gudun jarumin shirin The Incredible Hulk duk da cewa taimako yake zuwa yi, yayin da waɗanda suka fara wayo suka fi tsoron abin da zai iya faruwa da su a zahiri. Tun a 1919 Sigmund Freud ya yi rubutu a kan tsoron da ke tasowa idan abin da aka saba da shi ya zama baƙo, a 1970 kuma masanin mutum-mutumi na Japan Masahiro Mori ya lura cewa abin da ya kusa zama mutum amma bai ƙarasa ba ya fi tayar da tsikar jiki a kan wanda ba ya kama da mutum ko kaɗan.

Ana iya fahimtar wannan da kyau idan aka kwatanta da Dodon tatsuniya, wanda Frank Edgar da sauran masu tattara tatsuniyoyin Hausa suka rubuta labaransa tun farkon ƙarni na ashirin. Dodon gargajiya mai mutunta doka ne, domin yana da adireshi, ko dai a ƙungurmin daji ko a bakin kogi, yana da girman da za a hango shi daga nesa, kuma yana da wautar da Gizo ko Auta za su iya yi masa wayo. Karin magana ta ce tsoro na daji, kunya na gida, amma dodo mai gajeren wando ya karya wannan yarjejeniya, saboda yana iya zama a benci ɗaya da mutum a makaranta, ya sa hannu a kwano ɗaya da shi. Abin da ya fi muni shi ne ba ya tsoron manya, alhali duk tsarin tsaron yaron Bahaushe ya rataya ne a kan jimla guda, wato "zan gaya wa Baba". Ranar da yaro ya ga Baban cikin fim ya zubar da hula yana gudun ɗan cikinsa, ranar ce ya gane cewa babu kotun ɗaukaka ƙara.

Kuskure ne a ɗauka cewa Turawa ne suka fara kawo wa ƙasar Hausa tsoron yaro. Al'ada ta san ɗan wabi, wato yaron da aka haifa bayan 'yan uwansa sun yi ta mutuwa suna ƙanana, wanda ake laƙaba wa suna irin su Ajuji ko Ayashe don a nuna wa mutuwa cewa ba a damu da shi ba, kamar yadda Yarabawa suke da abiku, Ibo kuma suke da ogbanje. Ta kuma san ɗan ruwa, wanda ake zargin aljanu sun musanya shi, alhali likitoci sun nuna cewa yawancin irin waɗannan lamura suna komawa ne ga sikila da zazzaɓin cizon sauro da lalurorin haihuwa.

Babbar masana'antar tsoro kuwa tana cikin gida, kuma tana aiki ba hutu. Uwar da ɗanta ya ƙi barci takan ƙwanƙwasa ƙyaure da bayan ludayi, ta kumbura murya ta ce, "Ina yaron nan da ya ƙi kwanciya?", sannan ta mayar da muryarta ta ce, "Yi haƙuri Dodo, ga shi nan ya rufe ido." Idan ya ƙi cin tuwo a kira masa mai allura, idan ya fita da magariba a tuna masa aljanin tsamiya, idan ya yi ƙiriniya a haɗa shi da ɗan sanda, a 'yan shekarun nan ma an sabunta manhajar, ana cewa za a miƙa shi ga mutanen daji. Bayan shekara bakwai ana wannan horo safe da yamma, ranar da yaron ya farka da kuka sai gidan gaba ɗaya ya yanke hukunci cewa wayar nan ce ta lalata shi, wanda hakan ya tabbatar da cewa laifi tudu ne.

Matsayin maigida a wannan fage ya fi kowanne buƙatar bincike. Shi ne yake shigowa bayan sallar isha'i ya tsaya a kan yaran, ya ce a kashe wannan shirme, amma ya ci gaba da tsayuwa har minti ashirin da sunan tantance irin shirmen. Shi ne kuma, can cikin dare, yake tashin babban ɗansa ya ce, "Kai, ɗauko tocila ka raka ni bayan gida, akwai kunamu a wajen nan," a gidan da rabon a ga kunama tun ana gina shi. Washegari a majalisa zai gabatar da jawabi a kan yadda yaran zamani ba su da zuciya.

Akwai wani ɓangare na batun da raha ba ta iya ɗauka ita kaɗai. Dazuzzukan da suka kewaye masarautar Birnin Gwari, daga Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, zuwa Kuyambana da ya miƙe har cikin Zamfara, sun zama mafakar 'yan bindiga na tsawon shekaru, kuma waɗanda suka kuɓuta daga hannunsu sun sha faɗin cewa cikin masu riƙe da bindigar akwai yaran da ko gemu bai fito musu ba. Dattijon da ya durƙusa yana ce wa sa'an jikansa "ranka ya daɗe" don ya tsira da ransa ya rayu a cikin labarin Anthony ba tare da ya taɓa kallonsa ba, kuma wannan yaro ba a ɗakin gwajin kimiyya aka ƙera shi ba, an same shi ne daga rashin makaranta, da rushewar kiwo, da manyan da suka ga amfanin ɗora masa makami. Sulhun da aka yi da 'yan bindigar, wanda ya kai ga Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a Nuwamban 2024, ya dawo da ciniki, amma mayar da irin waɗannan yara aji aiki ne da ya fi buɗe kara wuya.

Saboda haka nazarin yana ba da shawara uku. Ta farko, a yi wa Dodon ƙyaure ritaya, tunda ya yi aiki fiye da shekara talatin da biyar da doka ta yanka wa ma'aikacin gwamnati. Ta biyu, idan yaro ya firgita a zauna a bayyana masa cewa ɗan fim ne aka yi wa kwalliya, an biya shi kuɗinsa, ya koma gida uwarsa ta aike shi. Ta uku, maigidan da ya ƙwace waya don kare tarbiyyar iyalinsa ya daure ya ajiye ta a aljihu, kada ya shiga gidan sauro ya ƙarasa fim ɗin shi kaɗai, domin batirin tocila ya yi tsada, kuma babban ɗansa yana da makaranta da safe.