Ilimin Zaɓen Ruwan Ninƙaya ga Mai Ƙananan Yara a Kafanchan da Kewaye

Ruwan da ake kai yara su yi wasa a Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Kaduna iri uku ne: ruwan Allah, ruwan otal, da ruwan bahon tsakar gida. Kasuwarsu kan ci sau biyu a shekara. Na farko a zafin Maris da Afrilu, kafin damina ta zauna. Na biyu a ƙarshen Disamba, lokacin da 'yan Abuja da Legas ke dawowa gida Kirsimeti, su tsaya bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. A wannan karon hunturu na busawa, ruwan kuma ya yi sanyi ƙarara, amma tunda an riga an biya kuɗin ƙofa, dole yaro ya shiga ko da haƙoransa na kaɗawa.

Ruwan Allah shi ne mafi tsufa kuma mafi araha. Babbansa shi ne Matsirga, kusa da Madakiya, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro ke zubowa daga tsayin da ya haura mita 20. Wuri ne na kallo da ɗaukar hoto. Ba a yi shi don ɗan shekara uku ba, musamman a watan Agusta da rafuka ke cika suna tumbatsa. Amma kowane dangi yana da kawu guda da ya rantse cewa a zamaninsa yakan tsallake rafi da ɗamin itace a ka. Wannan kawu shi ne mai ba da fatawa a bakin ruwa, ba a kuma taɓa ganin ya naɗe ƙafar wando ba. Ruwa mai kwanciya kuwa yana da tasa tsarabar: tsargiya, wadda ƙananan katantanwa ke ɗauke da ƙwayarta, ta shiga ta fata, bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini, dangi su fara lissafin wanda suka yi faɗa da shi a ƙauye.

Ruwan otal shi ne na masu hali da masu son a ce suna da hali. Kakansu a yankin shi ne na Kajuru Castle, gidan dutsen da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980, mai tafkin ninƙaya da kuma kadoji a raminsu daban. Mai iyali da ya je irin wannan wuri ya kyautu ya tambaya da kyau wane ruwan ya biya wa kuɗi. Sauran tafkunan otal ba su da kada, nasu haɗarin a launi yake.

Maigida kan zaɓi tafki bisa ma'auni uku: yadda zai fito a hoton WhatsApp, ƙarfin lasifikar da ke bakinsa, da kusancinsa da mai tsire. Ma'aunin gaskiya ɗaya ne, shi ne a tsaya a baki a hangi daɓen ƙasa. Tafki na rayuwa ne da injin tace ruwa da sinadarin kulorin. Injin na rayuwa da wutar lantarki, wutar kuma kowa ya san halinta. Idan ta ɗauke kwanaki, manaja ya ji tausayin dizal, sai ruwa ya tashi daga shuɗi ya koma launin miyar kuka. Manaja zai ce, "Ranka ya daɗe, inuwar mangwaro ce." Ruwa dai ba ya tsami banza. Wari mai yaji da ke sa ido ja ma ba shaidar tsafta ba ce, alama ce ta kulorin ya gamu da gumi da fitsari, abin da kowane yaro zai musanta da fuskar waliyyi.

Bayan launi sai zurfi. Tafkin kirki yana da ɓangaren yara da ba ya wuce gwiwa ko ƙugun yaro, da lambar zurfi a rubuce a bango, da daɓen baki marar santsi. Inda babu rubutu, akan auna zurfi da ɗan maƙwabta mafi tsayi, hanyar da babu littafin da ya amince da ita.

Sai mai ceto. A ƙa'ida aikinsa guda ne: kallon ruwa. A aikace shi ne mai yankar tikiti, mai tayar da janareta, mai kawo lemo, kuma mai ɗaukar iyali hoto. Tambayar ko ya iya ruwa ana ɗaukarta rashin kunya. A ƙofarsa ne kuma ake ganin abin al'ajabi: yaron da ke aji huɗu a firamare yakan koma ɗan shekara huɗu don a sami rangwame, sannan a bakin ruwa ya zama "babban yaro ne, ya iya."

Rabon aiki a cikin iyali shi ne babi mafi muhimmanci. Uwargida kan zo cikin leshi da ɗaurin kallabi mai hawa, shigar da ke shelar cewa ko me zai faru ba da ita za a shiga ruwa ba; tana gadin kular shinkafa. Maigida na waya, yana tattauna farashin buhun citta a Kachia. Gwaggo na gadin takalma. Ƙaramin yaro an rataya masa tayar roba mai kan agwagwa, an damƙa shi ga yayarsa 'yar shekara tara. Idan aka tambaya wa ke kallonsa, baki biyar za su ce, "Ai muna ganinsa." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a 2021, kuma 'yan ƙasa da shekara biyar na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Nutsewar yaro ba ta da ihu irin na fim. Shiru take faruwa, cikin ƙasa da lokacin da ake ɗauka wajen zaɓen hoton da za a ɗora. Maganin ba ya cin kwabo: babba guda, wayarsa a aljihu, hannunsa na iya kai wa yaron, idan ya gaji ya miƙa aikin ga wani da suna.

Bahon tsakar gida shi ne na ƙarshe, mafakar wanda albashi bai kai shi otal ba. Ba shi da kuɗin ƙofa, ba shi da lasifika, manajansa kuma uwargida ce. Sharaɗinsa iri ɗaya ne da na sauran: babba ya zauna a bakinsa, idan an gama a zubar da ruwan a kife bahon, a rufe randa da rijiya, domin ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba ya isa ya ci mai rarrafe.