Layin Saurayi, Sakamakon Budurwa

Ku matso kusa, maganar nan ba ta son iska. A wani gidan lesin JAMB da ke can wajen Kabuga an kwana biyu ana ƙus-ƙus kan wata yarinya da saurayinta, kuma wadda ta tsegunta min a benci ɗaya suke zama.

Kun dai san yanzu ba a rajista sai da lambar NIN. Ka tura ta zuwa 55019, a turo maka lambar sayen fom, kuma layin da ka yi amfani da shi ta nan sakamako zai fito. To ita baiwar Allah, Abbanta ya ce ba ita ba waya sai ta shiga jami'a. Layin Umma kuwa yayanta ya riga ya yi rajista da shi, ba a haɗa mutum biyu a layi ɗaya. Nan fa gayen ya zaro wani layi daga aljihu ya ce, "Haba, ina raye ki rasa layi?"

Shi dai gayen nan zakaran aji ne. Malam bai rufe baki ba ya ɗaga hannu, ga Turanci ta hanci, ga turare tun daga bakin ƙofa. Ya sha faɗa cewa shi likitanci zai karanta a ABU, kuma a cikin maki 400 duk abin da bai kai 300 ba ba nasa ba ne. Ita kuwa tana bencin baya, ko sunanta aka kira sai an ce ta ɗaga murya.

Ranar da aka saki sakamako, ya tura saƙo ta layukan biyu. Nasa bai kai 180 ba. Nata ya haura 260. Me kuke zaton ya ce mata? "Naki bai fito ba tukuna, ki ci gaba da addu'a." Yarinya ta yi ta kuka har Umma ta fara neman rubutu. Sai da wata ƙawarta ta ja ta shagon intanet aka bugo takardar, asiri ya tonu.

Ko da aka ritsa shi bai ji kunya ba, sai ma ya kafa sharaɗi: wai ta canza BUK ɗin da ta zaɓa ta bi shi duk inda aka ɗauke shi, don in ta shiga can 'yan aji uku za su ƙwace masa ita. Ni dai wannan ban kira shi so ba, tsoro ne ya sa babbar riga. An ce a ranar aka fara jin muryar yarinyar sosai, har masu shayi na waje suka leƙo. Washegari gwaggonta ta saka mayafi ta je har gidansu ta karɓo layin a gaban mahaifiyarsa.

Yanzu yana yawo yana cewa kwamfuta ce ta cinye masa maki, kamar yadda aka yi a 2025 har shugaban hukumar, Farfesa Oloyede, ya zubar da hawaye. Sai dai waccan matsalar a Legas da Kudu maso Gabas ta faru, shi kuwa a Kano ya zana.

Ya koma lesin, kuma na ji an ce akwai wata sabuwar ɗaliba da ba ta da waya.