Yaran Masta a Gaban Kyamara

A wajen horon kareti da takwando, Masta ya koya wa yaro naushi ya isa inda aka aike shi. A fim kuwa naushin ba ya taɓa fuska. Kyamara ce ake ajiyewa a bayan kafaɗar mai duka ta ɓoye tazarar, wanda aka kai wa ya wurga kansa baya, ƙarar kuma sai an zo tacewa a kwamfuta ake sa ta. Bayanin minti biyu ne, amma daga nan darakta yake fara sanin halin mutane.

Akwai Na-Gaskiya. An ce ya kai duka, ya kai. Abokin wasansa na dafe da haɓa, shi kuma yana cewa, "Yallaɓai, ai so nake ya fito sosai." Abin haushin, dukan gaske a hoto ba ya ko kyan gani.

Wanda ya fi ba da wahala shi ne Ba-a-kashe-ni. An ba shi yaron bos na uku, aikinsa ya faɗi a bugun farko, amma ya tuna 'yan unguwarsu za su kalla. Sai ya tare, ya goce, ya rama, har jarumin fim ya fara waige yana neman ceto. In ɗan dambe ne abin ya fi muni, domin a dambe wanda ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, ga shi an taso da labarin shahararren ɗan damben nan Shago. A banza za ka gaya masa Jackie Chan ya yi suna da shan duka, har a ƙarshen fim yakan nuna inda ya faɗi ya ji ciwo, kuma shi ma ya taɓa karɓar duka a hannun Bruce Lee a Enter the Dragon na 1973. Zai saurara da ladabi, ya ce, "Haka ne, Malam, amma a bar ni in faɗi a kan gwiwa ɗaya."

Kishiyarsa Sarkin Mutuwa ne. Mari ɗaya, ya juya sau uku, ya riƙe bango, ya bar wasiyya. Wannan fim ɗin Indiya ne ya rene shi.

Sai Walƙiya, wanda ya ji an ce Bruce Lee ya fi kyamara sauri. Fim hoto 24 yake ɗauka a daƙiƙa guda, kuma mai kallo yana so ya ga tashin ƙafa da saukarta. Nasa bugun in an duba, wando kawai ake gani ya gifta.

Mai "dish! dish!" da baki ba ya jin magana. Haka mai satar kallon kyamara yana gyara ɗamara.

A gefe kuma akwai yarinyar da aka ba riƙon waya don ba a so ta ji ciwo. Ita ta fara gane cewa in kyamara ta tsallaka ɗaya gefen masu faɗan, na dama zai koma hagu, mai kallo ya rikice. Kafin a tashi ita ke cewa a sake, har Masta da kansa ta ce ya matsa, inuwarsa ta shigo hoto. Ya matsa, yana gunagunin cewa baƙar ɗamararsa ta girme ta.